Pul Ko Ƙwallon Tebur: Wanne Ɗakinka Zai Iya Ɗauka?

Mai niyyar ware ɗaki guda a gidansa don wasa yawanci da hoton tebur a kansa yake farawa: koren ƙyalle, fitila a rataye, ƙwallaye a jere suna sheƙi. Ni ma da haka na fara, kuma a nan na tafka kuskurena na farko. Na auna teburin pul ɗin da ya shiga raina, na auna ɗakin, na ga tebur ya shige har da saura, na ce magana ta ƙare. Ranar da aka kafa shi, bugu na uku ko na huɗu, farin ƙwallo ya je ya lafe a jikin kushin, wato robar da ke zagaye da gefen teburin ta ciki. Na sunkuya, na ja sanda baya, sai gindinta ya daki bango tun bakinta bai kai ga ƙwallon ba. Dole na ɗaga ta sama kamar mai sukar kifi a ruwa, bugun kuwa ya tafi inda ya ga dama. Har yau tabon yana nan a jikin fentin.

Saboda haka kafin a zo maganar wane wasa ya fi daɗi, sai an fara da tef ɗin awo. Amma bari in warware wani ruɗani tukuna. Da yawa duk wasan da ake yi da sanda da ƙwallaye a kan koren tebur "sunuka" suke ce masa, alhali wasa biyu ne daban. Sunuka ta ainihi ƙwallo 22 ake yin ta da su, ja 15, masu launi shida, da fari ɗaya, a kan tebur mai ƙafa 12 da ƙafa 6. Wannan sai ɗaki mai kusan mita 6.7 da mita 4.9, kuma gidajen da ke da irinsa a banza ba su da yawa. Pul shi ne ƙaraminta, mai ƙwallo 15 da fari ɗaya, kuma shi ne abin da mafi yawan masu cewa za su sa sunuka a gida suke nufi. A kansa za mu yi magana, mu gwada shi da ƙwallon tebur, wato tebur tenis, wasan da ake buga ɗan ƙaramin ƙwallo da raket ta saman raga.

Lissafin fili, wanda shi ne rabin maganar

Teburin pul na salon Amurka iri uku ne aka fi sani: mai ƙafa 7, mai ƙafa 8, da mai ƙafa 9. Sunayen nan ba ainihin awon cikinsa ba ne. Filin da ƙwallo ke yawo a kai, daga kushin zuwa kushin, a mai ƙafa 7 yakan kai santimita 198 da 99. A mai ƙafa 8 na gida santimita 224 ne da 112, a mai ƙafa 9 kuwa, wanda ake gasa a kai, santimita 254 da 127. Sandar bugu ta manya inci 57 zuwa 58 ce, wato kusan santimita 147. To ga inda lissafin yake: ƙwallo na iya tsayawa a ko'ina a jikin kushin, kuma ana iya buƙatar buga shi daga kowane ɓangare, don haka sai ka ƙara tsawon sanda guda a kowane gefe na huɗun. Santimita 294 ke nan a kan tsawon filin, wata 294 a kan faɗinsa.

Idan ka haɗa, mai ƙafa 7 yana son ɗaki mai kusan mita 4.9 da 3.9. Mai ƙafa 8 yana son mita 5.2 da 4.1. Mai ƙafa 9 sai 5.5 da 4.2. Wannan ma ba a sa ɗan ja da baya da hannu ke yi kafin bugu ba, wanda zai ci wata santimita 10 zuwa 15 a kowane gefe. Abin lura a nan shi ne, rage girman tebur ba ya rage buƙatar fili sosai. Daga mafi girma zuwa mafi ƙanƙanta, faɗin da ka tsira da shi bai wuce santimita 30 ba, domin sandar ce ke cin ɗakin, kuma ita ba ta raguwa. Mutane kan ce ai sai su sayi ƙarami tun da ɗakin ya matse, su tarar matsalar tana nan inda suka bar ta.

Akwai gajerun sanduna, masu inci 52 da 48, har da ƙasa da haka, kuma kowane ɗakin pul ya kamata a ajiye guda a ciki. Idan ginshiƙi ɗaya ne ya tsaya a wani lungu, ko bango ɗaya ne ya matso, gajerar sanda za ta fitar da kai. Idan kuwa bango biyu ko uku ne ke tilasta maka sauya sanda, to kullum cikin ƙunci za ka yi wasan, kuma hannunka ba zai taɓa sabawa da nauyi ɗaya ba. Ni a ganina ɗakin da faɗinsa bai kai mita 3.9 ba, a haƙura da pul ɗin Amurka. Abin da zai iya shiga shi ne teburin salon Ingila, mai ƙafa 6 ko 7, wanda ƙwallayensa ƙanana ne, inci 2 maimakon inci 2 da kwata, ramukansa kuma matsattsu masu zagayayyen baki. Wasan ya ɗan bambanta, amma ba ƙaramin daɗi ke gare shi ba.

Teburin ƙwallon tebur ba shi da wannan yawan zaɓin. Girmansa ɗaya ne a duk duniya, kamar yadda hukumar wasan ta duniya, ITTF, wadda aka kafa a 1926, ta ƙayyade: tsawo mita 2.74, faɗi mita 1.525, tsayi daga ƙasa santimita 76, raga kuma santimita 15.25. A ido ya fi teburin pul mai ƙafa 8 girma, shi ya sa wasu ke zaton ya fi cin fili ta kowace fuska. Ba haka abin yake ba. Shi ta baya yake cin fili, inda ɗan wasa ke ja da baya, gefe kuwa ba ya buƙatar da yawa. A gasar ƙasa da ƙasa ana ware wa tebur ɗaya mita 14 da mita 7, da tsayin mita 5, amma wannan na ƙwararru ne masu tare ƙwallo daga nesa. Wasan gida, mita ɗaya da rabi a bayan kowane ɗan wasa da kusan mita ɗaya a kowane gefe sun wadatar, wato ɗaki mai kusan mita 5.8 da 3.5.

Ka ga ke nan siffar ɗakin ita ke fara yanke hukunci. Dogon ɗaki siriri na ƙwallon tebur ne. Ɗaki mai faɗi wanda tsawonsa bai kai ba ya fi karɓar pul. Akwai kuma bambanci a yadda kowanne ke jure matsi. Idan filin ƙwallon tebur ya gaza da rabin mita, wasan zai yiwu, sai dai ku tsaya kusa da tebur ku yi ta gajeren bugu, kuma yara ma ba za su lura ba. Idan na pul ya gaza da rabin mita, akwai bugun da ba zai taɓa yiwuwa ba ko da wa ke riƙe da sandar.

Kafin ka kashe ko sisi, ɗauki salatef ka zana girman teburin a ƙasan ɗakin. Ka samo sanda mai tsawon mita ɗaya da rabi, ko da ta tsintsiya ce, ka zagaya zanen kana kwaikwayon bugu daga kowane gefe. Sannan ka tsaya a ƙarshensa ka yi tsalle hagu da dama kamar kana bin ƙwallo. Minti goma za su nuna maka abin da takardar mai sayarwa ba za ta nuna ba: ƙofar da ke buɗewa ciki, tagar da gwiwar hannu za ta fasa, makunnin wutar da kafaɗa za ta riƙa dannawa.

Ɗaya mazauni ne, ɗaya baƙo

Teburin pul na gaske dutse ne a ƙarƙashin ƙyallen nan. Dutsen silet ake ce masa, wani baƙin dutse mai tsagewa falle-falle, irin wanda ake rufin gini da allon rubutu da shi a wasu ƙasashe, kuma yawancin na tebur daga Birazil, Italiya da Sin ake haƙo shi. An zaɓe shi ne domin ana iya goge shi ya kwanta sumul, kuma zafi ko laima ba sa lanƙwasa shi. Na gasa kaurinsa ba ya gaza inci ɗaya. A tebur mai ƙafa 8, dutsen kaɗai ya haura kilo 200, shi ya sa ake yanka shi gida uku, kowane yanki kusan nauyin babban mutum. Idan aka haɗa da katakon jiki da ƙafafu, teburin yakan kai kilo 300 zuwa 450.

Kafa shi aiki ne na masu sana'ar, kuma na tsaya na kalli yadda ake yi. Sai an fara daidaita gangar jikin, sannan a ɗora yankunan dutsen ɗaya bayan ɗaya. Mai aikin yana ɗora ma'auni mai ɗigon ruwa a ciki, ya duba, ya cusa wani siririn katako a ƙarƙashi, ya sake dubawa, ya matsa gaba kaɗan ya maimaita. Inda yanki biyu suka haɗu ya narkar da kakin zuma ya cike tsagar, ya kankare har sai yatsa ya wuce bai ji komai ba. Bayan nan ne ake ja ƙyallen a ɗame shi kamar fatar ganga. A ƙarshe ya ɗauki ƙwallo ɗaya ya tura shi a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya durƙusa yana kallon ko zai karkata yayin da yake mutuwa. Duk wannan wahalar, idan ka ja teburin taku biyu don a share ƙarƙashinsa, ta tashi a banza. Ba a ɗaga shi a haɗe, ba a tura shi. Inda aka kafa shi nan ne gidansa, kuma ranar da za ka tashi daga gidan sai an kira masu aiki sun wargaza shi sun sake haɗawa a sabon wuri.

Don haka mai zaman haya, ko wanda bai tabbatar zai shekara biyar a inda yake ba, ya yi tunani sau biyu. Wanda kuma ɗakinsa a bene yake, ya duba matakala da ƙofofi, musamman idan dutsen falle ɗaya ne kamar yadda yake a yawancin teburan salon Ingila. Daɓen kankare ba ya jin wannan nauyin, amma idan benen na katako ne kuma ya tsufa, a nemi masanin gini ya duba kafin a hau da kayan.

Teburin ƙwallon tebur kuwa rabi biyu ne a kan tayoyi. Ka naɗe shi, ka tura shi jikin bango, kaurinsa a naɗe bai kai mita ɗaya ba, ɗakin ya koma wurin karatu ko na baƙi. Wannan kaɗai ya isa ya raba gardama a gidaje da yawa. Sai dai kada sauƙin turawa ya ruɗe ka ka ɗauka ba shi da nauyi. Mai kauri yakan haura kilo 100, kuma rabin da aka tsayar idan ya kubce ya faɗo kan yaro ba ƙaramar ɓarna zai yi ba. Duba makullin da ke riƙe kowane rabi da birkin tayoyin kafin ka duba launin fentinsa.

Inda araha ke cuta

A nan ne wasannin biyu suka fi rabuwa, kuma a nan na fi son mai saye ya natsu. Ana sayar da teburan pul marasa dutse, masu shimfiɗar matsattsen katakon nan da ake kira MDF. Ba su da nauyi, kuɗinsu kaɗan ne, a hoto kuma ba ka bambanta su da na gaske. Watannin farko lafiya lau. Daga nan katakon ya fara shan laima, tsakiyarsa ta ɗan lotsa ko gefe ya ɗaga, sai ka ga ƙwallon da ka tura a hankali ya kama hanya ya lanƙwasa shi kaɗai ya nufi wani rami. Pul wasa ne da gaba ɗayansa ya dogara a kan cewa ƙwallo zai tafi inda aka aike shi. Da zarar wannan ya gushe, abin da ya rage caca ce, kuma ba gyara, tun da ba a miƙar da katakon da ya karkace. Araha ba ta ado. In kuɗin sabon tebur mai dutse bai samu ba, tsoho mai dutse ya fi sabo marar dutse nesa ba kusa ba, domin ƙyalle da robar kushin duk ana sauya su, dutsen kuwa idan bai tsage ba zai ga jikokinka.

Ƙwallon tebur ya fi sassauci. Shi ma katakon da aka matse ne samansa, amma har teburan gasa da shi ake yin su, bambancin a kauri yake. Masu milimita 12 zuwa 15 ƙwallo ba ya tashi da kyau a kansu, kuma su ne ke saurin lanƙwashewa. Daga milimita 18 ko 19 abin ya fara zama wasa na gaske, na gasa kuma 22 zuwa 25 ne. Akwai gwajin da za ka iya yi da hannunka a gaban mai sayarwa, wanda yake cikin dokar wasan: saki ƙwallo daga tsayin santimita 30, ya kamata ya tashi kusan santimita 23, kuma haka a ko'ina a kan teburin, tsakiya da gefe. Matsakaicin tebur mai milimita 19 zai ba ka kusan duk abin da na gasa ke bayarwa a wani ɗan kaso na kuɗin teburin pul mai dutse. Idan ɗakin gareji ne ko wani wuri mai danshi, akwai irin na waje da ake yi da narkakken roba ko alminiyom, wanda ruwa ba ya ci, ko da yake tashin ƙwallonsa bai kai na katako ba.

Wani abin sha'awa, a gefe guda: wasannin nan biyu suna da dangantaka ta ƙwallo. A da da hauren giwa ake yin ƙwallayen pul, kuma neman abin da zai maye gurbin hauren ne ya kai wani Ba'amurke, John Wesley Hyatt, ga haɗa robar seluloyid a wajen 1870. Ba ta daɗe a teburin pul ba, amma ita ce ta zama ƙwallon ƙwallon tebur fiye da shekara ɗari, har wajen 2014 da aka koma wata robar marar saurin kama wuta. Girmansa ma ya sauya, daga milimita 38 zuwa 40 a shekarar 2000. Idan ka tarar da tsofaffin ƙwallaye a wani kwali, kada ka yi mamakin jin sun bambanta da na yanzu.

Kulawar yau da kullum ma ba ɗaya ba ce. Ƙyallen pul yana son buroshi, yana son a rufe shi bayan wasa, ba ya son rana, ba ya son abin sha a kusa da shi, kuma ɗan koyo guda da ya soka sanda ƙasa zai iya yaga shi. Ba a zama a kan gefen teburin, domin hakan na saki kushin. Sanduna a tsaye ake ajiye su a ma'ajinsu, in ka jingina su da bango za su lanƙwashe. Fatar bakin sanda tana cinyewa a sauya ta, allin da ake goga mata kuma ƙurarsa na shiga ko'ina. Na ƙwallon tebur tsumma mai ɗan danshi ya ishe shi. Abin da ke ƙarewa a can shi ne robar raket, wadda ke daina kama ƙwallo idan ta sha ƙura da rana, sai kuma ƙwallayen kansu, waɗanda ba a sayen su ɗai-ɗai. Rabinsu ƙarƙashin kujera za su ƙare, sauran kuma wani ne zai taka su, ka ji ƙaras.

Haske, daɓe da iska: abin da wannan ke so wancan ba ya so

Pul yana son fitila doguwa a rataye ƙasa-ƙasa, kusan mita ɗaya a saman ƙyallen, don kada ƙwallaye su yi inuwa. Sauran ɗakin ko da dishi-dishi ne ba laifi. Ƙwallon tebur yana son haske a ko'ina, daga sama can, ba abin da ke rataye, domin ƙwallon yana tashi kuma raket na bin sa. Silin mai tsayin mita 2.5 zai yi wa masu wasan nishaɗi, amma fankar silin abokiyar gaba ce ta fuska biyu: tana tare ƙwallo, kuma iskarta tana kaɗa shi. Ƙwallon nan giram 2.7 ne kacal. Na'urar sanyaya ɗaki ma idan tana hurowa kai tsaye kan tebur sai ta karkatar da shi. Ƙwallon pul mai giram 160 zuwa 170 ko guguwa aka kunna bai san ana yi ba. Kuma da yake mai ƙwallon tebur shi ne ke gumi, ka ga wanda ya fi buƙatar iska shi ne wasansa ba ya jure ta.

Daɓe ma haka. Kafet na yi wa pul kyau: yana rage ƙara, kuma idan ƙwallo ya yi tsalle ya faɗo ba zai fasa tayil ba, sai dai bayan 'yan makonni ƙafafun teburin kan nutse a ciki a sake daidaitawa. Ga mai ƙwallon tebur kafet mai laushi tarkon idon sawu ne, tayil mai santsi kuma ya fi shi haɗari. Shi daɓen katako ko shimfiɗar roba yake so. Bango fari fat yana ɓatar da farin ƙwallo a ido, don haka ko a sa fenti mai ɗan duhu ko a riƙa amfani da ƙwallo ruwan lemo.

Ƙara kuwa kowanne da irin tasa. Pul tsawa ɗaya ce a bugun farko, sai ƙas-ƙas jefi-jefi. Ƙwallon tebur tak-tak ne ba ƙaƙƙautawa, ga dirin ƙafa, ga ihu. Idan akwai mai barci a ƙarƙashin ɗakin, na biyun ne zai hana shi.

Wa zai yi wasan?

Wannan tambayar ya kamata mutum ya amsa wa kansa da gaskiya, domin tebur da yawa sun zama wurin ajiye kayan wanki. Pul wasan hira ne. Ɗaya na bugu, sauran na zaune suna zolaya, dattijo da matashi za su iya karawa ba wanda ya yi haki, kuma mutum shi kaɗai zai iya shafe awa biyu yana jera ƙwallaye yana koyon yadda zai ajiye farin inda yake so. Wannan babbar daraja ce ga wanda yawancin lokacinsa na hutu da dare ne, bayan kowa ya kwanta. Ƙwallon tebur kuwa sai da abokin karawa. Ana iya tsayar da rabin teburin a riƙa bugawa yana dawowa, akwai kuma injin harbo ƙwallo, amma duk ba su kai mutum ba, kuma na farkon yana gundura cikin kwata ɗaya na awa.

A ɗaya ɓangaren, shi ne mai motsa jini. Wasa ɗaya maki 11 ne tun 2001, lokacin da aka rage shi daga 21, don haka cikin minti biyar an gama wani ya karɓi raket, kuma gida mai yara da yawa layi ba ya tsayawa. Yaro ɗan shekara bakwai zai fara mayar da ƙwallo a rana ɗaya, alhali a pul tsayin teburin da tsawon sandar duk sun fi ƙarfinsa. Matsalarsa ɗaya: ba ya ɓoye bambancin gwaninta. Da zarar ɗaya ya iya murɗa ƙwallo a bugun farko, ɗayan zai yi ta tura shi cikin raga ko waje bai san dalili ba, kuma ba a daɗewa yake ajiye raket. Maganin shi ne gwani ya riƙa ba da maki biyar ko shida tun farko. A pul ɗan koyo yakan samu sa'a ƙwallo ya faɗa rami, kuma wannan 'yar sa'ar ita ke dawo da shi gobe.

In an ce duka biyun fa?

Tebur biyu a ɗaki ɗaya, gefe da gefe, suna raba hanyar tsakiya, za su ci kusan mita 6.5 da mita 6, kuma ko a haka ba za a yi wasa biyun a lokaci ɗaya cikin walwala ba. Wanda ba shi da wannan filin hanya biyu ake nuna masa. Ta farko ita ce teburan nan masu juyawa, pul a wannan fuska, wani wasan a waccan. Ban ba da shawararsu ba sai don ƙananan yara. An ce ba a tauna taura biyu, kuma su ne shaida: ba dutse a ciki, girmansu bai kai na ko ɗaya ba, kowane wasa rabi-rabi.

Ta biyu ta fi ma'ana: a kafa teburin pul mai dutse, a sayi saman ƙwallon tebur mai cikakken girma, falle biyu, a riƙa ɗora shi a kai. Yana zama daidai a kan mai ƙafa 7 ko 8. A kan mai ƙafa 9 kuwa gefen teburin pul ɗin yakan leƙo waje, cinya ta yi ta karo da shi. Sai dai a san abin da aka saya. Tsayin zai haura santimita 80 maimakon 76, wanda mai wasan nishaɗi ba zai damu ba amma mai shirin gasa zai ji a hannunsa. Dole a sa soso ko bargo a ƙarƙashi don kada katakon gefen ya goge. Fitilar pul ɗin nan mai ratayowa dole ta zama mai ɗagawa, ko a haƙura da ita a sa fitilun da ke manne da silin. Ɗakin kuma sai ya cika sharaɗin duka biyun, faɗin pul da tsawon ƙwallon tebur, wato kusan mita 5.8 da 4.1. Sannan kowane falle sai mutum biyu sun ɗaga, kuma sai an tanadi bangon da za a jingina su. Abin da na lura da shi shi ne, duk wasan da aka bari a sama shi ake yi wata guda, domin ba mai son ɗagawa.

Da ni za a tambaya a ɗaki mai faɗin da bai kai mita 4 ba, ko gidan haya, ko gida mai yara ƙanana, ƙwallon tebur mai milimita 19 zan ce, da raket huɗu da kwalin ƙwallaye. Mai gidan kansa da ke da fili, wanda ya san shi kaɗai zai fi shiga ɗakin, ya jira har ya samu mai dutse, ƙafa 8 in ɗakin ya kai mita 5.2 da 4.1, ya sayi gajerar sanda guda ya rataye a bango. Saman ƙwallon tebur ɗin kuwa ya bari sai ya shekara da pul ɗin, ya ga ko akwai wanda ya tambaya.